Makullin Ƙarƙashin Sikana

Daudu ya gane sikanar, injin nan mai kwafe takarda ko hoto ya kai cikin kwamfuta, tun daga bakin ƙofa, tun kafin ƙanensa Haladu ya gama yaye tsumman da ya rufe ta. Ga tabon jar tawada a gefen marfin, ga kusurwar da ta ɓalgace ranar da aka buga ta da ƙyauren ofis. Shekara shida yana goge mata ƙura kowace safiya a Kazaure, lokacin yana masinja. Da ya zo barin aiki, har roƙa ya yi a ba shi ita, tunda an riga an jefa ta a sito. Aka yi masa dariya, aka ce ya kai ta ruga ya tatsa? Yau ga ta a Babura, a kan teburin Haladu, wai a gwanjo ya saye ta, ta yi wata takwas a shagon bai taɓa kunnawa ba.

Su uku suka rage a 'ya'yan Lauwali na rugar bayan Kanya Babba: Adda Hafsatu ce babba, sai Daudu, sai Haladu. Yaran yanzu ba su san yadda aka yi karatun boko a da ba, gara su ji. Dagaci ne ke zuwa ya ce kowane gida a ba da yaro ɗaya, kuma babu uban da ke miƙa wanda yake ji da shi. Ranar da aka zo rugarsu, Baffa, kamar yadda suke kiran mahaifinsu, ya kora Daudu daji da shanu tun asuba, ya miƙa Haladu, mai yawan zazzaɓi, wanda ko maraƙi ya yi atishawa sai ya ruga bayan uwarsa. Mata suka yi ta yi wa Daudu barka, suna yi wa Haladu kuka kamar an kai shi kabari. Shekara biyu bayan haka Baffa ya rasu. Da aka yi fari ya share garken, Daudu ya shiga Kazaure da sandarsa kawai, ya ƙare a ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Haladu kuwa malami, hedimasta, ga fansho, ga shago mai kwamfuta a bakin titi. Daudu bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk sanda ya ji an ce Malam Haladu, sai ya ji kamar rigarsa ce aka sa wa wani.

Abin da ya tara su ran nan baƙo ne. Sunansa Muhammadu Lawal, dattijo ne mai fataucin tumaki daga tsallaken iyaka. Ya zo cin kasuwa da wani tsohon hoto a naɗe cikin leda uku. An ɗauke shi a wurin allurar shanu fiye da shekara hamsin da suka wuce: maza biyar da farin bijimi. Mahaifin baƙon na ciki, kuma a bayan hoton ya rubuta sunayen sauran da ajami, har da Lauwali mutumin Kanya. Baffa bai bar hoto ko ɗaya a duniya ba. Da baƙon ya yi cigiyar 'ya'yan Lauwali a karar dabbobi, mutane suka nuna masa shagon Haladu, alhali gidan Daudu ne ya fi kusa, kuma shi ne babba a maza. Sai da aka gama gaisawa, aka sha ruwa, aka aika aka ɗauko Adda a babur, sannan wani ya tuna da Daudu.

"Hamma Daudu, ga Baffa ya zo," in ji Haladu, da kiran da ake yi wa babban wa a rugarsu, yana miƙa masa hoton da hannu biyu, idonsa ya yi ja.

Daudu ya karɓa ya kai shi bakin ƙofa wurin haske. Hoton bai fi tafin hannu ba, fuskokin kamar ƙwayar gyaɗa, kowa da malafa ta yi masa inuwa. Ya matso da shi, ya nisanta, ya goge ido da hannun riga. Babu. Shekarun nan fuskar Baffa ta soma gudunsa. Yana tuna muryarsa, yana tuna warin hayaƙin rigarsa, amma in ya nemi fuskar sai ta narke. Yanzu ga ta a hannunsa, ya kasa cewa ga ta.

An gwada ɗauka da waya, fuskokin suka fito kamar an jiƙa su. An gwada injin kwafi, ya fito da gawayi biyar da farin abu a tsakiya. Haladu ya roƙi baƙon ya bar hoton kwana biyu a kai Kano.

"Malam, ka yi mini aikin gafara," in ji Muhammadu Lawal. "Ko buhun sefa ka aje mini nan, hoton nan ba ya kwana inda ban kwana ba. Ni ma shi ke nan gare ni. Motarmu tana tashi da an sallame la'asar. Abin da za ku yi, ku yi kafin nan."

Shi ya sa aka tuna da sikana. Haladu ya ce ita kaɗai za ta iya ɗaukar hoton ta kumbura shi har a ga ƙwayar ido.

Matsala ta farko, bakin wayarta. Faffaɗa ne kamar bakin kwaɗo, da haƙora jere biyu da kusoshi biyu a gefe, ita kuwa ƙaramar kwamfutar da Haladu ke taƙama da ita ba ta da ramin da zai shiga. Ya juya ta hagu, ya juya ta dama. Sai aka kira Maikasuwa, mai gyaran rediyo a shagon da ke jikin nasa, mutum mai surutu kamar kayan sana'arsa.

"Hedimasta, ai wannan aure ba zai ɗauru ba," in ji Maikasuwa. "Ka kawo tsohuwa ka ce yaro ya aura. Tsoho za a nemo mata."

Ya tafi ya kinkimo wata tsohuwar kwamfuta da wani ya bari a wurinsa tun bara, mai ƙaton allo kamar tukunyar biki. Aka hure ƙura, aka tada janareta. Daudu ya sami benci a jikin bango ya zauna, ya ɗora haɓa a kan sandarsa. Adda kuwa an shimfiɗa mata tabarma a lungun bayan kabad, don ƙarar janareta na sa mata ciwon kai, kuma idonta dama ya yi rauni, ba abin da za ta gani.

Haladu ya tsuguna bayan kwamfutar yana tura filogin a juye. Daudu na kallo. Gefe mai faɗi ne ke sama, ko makaho ya shafa zai sani. Ya bar shi ya yi gumi tukuna, har sai da Maikasuwa ya ce, "Juya shi mana, kada ka karya mata haƙori." Ya shiga, aka ɗaure kusoshin. Kwamfutar ta ce ba ta san baƙuwar ba, sai an kawo faifanta.

"To, ina ni ina faifai?" in ji Haladu. "Haka aka ba ni ita."

Daudu ya san inda yake. Faifan na cikin marfin, a bayan farin soson da ke danne takarda, shi da kansa ya manne shi da salatif don kada ya ɓata. Yana shirin ya bari a ɗan wahala sannan ya faɗa, sai Haladu ya ɗaga marfin da ƙarfi, tsohon salatif ya saki, faifan ya faɗo kan gilashi.

"Allahu akbar!" in ji Maikasuwa. "Mai sa'a ko bai nema ba sai ta faɗo masa. Hedimasta, kai dai an yi maka addu'a."

Daudu ya koma ya jingina da bango. Haka abin yake tun suna yara. Shi ya manne, wani aka yi wa kabbara.

Hantsi ya yi sosai kafin kwamfutar ta gama haɗiye abin da ke cikin faifan. An kashe an kunna sau uku. Masu wucewa kasuwa suka soma tsayawa a bakin ƙofa, labari ya bazu cewa Malam Haladu zai fito da fuskar ubansa a talabijin. Baƙon ya zare hoton daga ledojinsa, ya kifa shi a kan gilashin da hannunsa, bai yarda kowa ya taɓa ba. Haladu ya gyara tabarau, ya gyara zaman hula, ya danna.

Doguwar fitilar da ke ƙarƙashin gilashin ta kama, fara fat. Sai aka ji ƙarrr, ƙarrr, ƙaf-ƙaf-ƙaf. Fitilar ta yi rawa a inda take, ba ta motsa ko taƙi ɗaya ba. Allon ya fito da wani rubutu da jan tambari.

Daudu ya ji sautin har cikin haƙoransa, kuma nan take ya san ko mene ne. A ƙarƙashin sikanar, can baya ta hagu, akwai wani ɗan baƙin makulli da bai fi ƙwayar wake ba. In za a ɗauke ta daga wuri zuwa wuri, sai a tura shi ya riƙe fitilar don kada ta yi ta kai-kawo ta fashe. In an sauke, a mayar. Wata sakatariya ce ta nuna masa ranar da aka kawo ta sabuwa, don shi ne mai ɗauka. Manyan ofis ba su taɓa sani ba, don ba su taɓa ɗaga ta ba. Ranar da aka ce a kai ta sito, shi ya kulle ta da babban yatsansa, kuma ga shi tun ran nan babu wanda ya buɗe.

Ya gyara zama. Ba wani abu yake so ba, a tambaye shi kawai. Haladu ya juyo a gaban mutanen nan ya ce, Hamma, ko ka san abin da ke damunta? Shi ke nan. Sai ya tashi a hankali, ya jingine sanda, ya ɗaga ta, ya tura, kowa ya gani.

Maikasuwa ma ya kusa gyara masa hanya. "Af, wai ba a ofis ɗin su Malam Daudu aka sayo ta ba? Malam Daudu, ko kun saba?"

Haladu bai ko juyo ba, idonsa na kan jan tambarin. Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro. "Hamma ai fayil yake ɗauka, Maikasuwa. Wannan sha'anin na cikin kwamfuta ne. Hamma, ɗan matsa kaɗan, kana tare mini iska."

Mutanen bakin ƙofa suka yi dariya. Daudu ya matsa. Ya ja bencinsa har ƙarshen bango, ya mayar da haɓa kan sanda, ya kulle bakinsa kamar yadda ya kulle sikanar. To, mai ilimi, bismilla.

Kada wani ya ce bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai. Dattijo ne mai furfura, mai jikoki, ya zauna yana kallon ɗan'uwansa na shan wuya, kuma yana jin daɗin abin kamar mai tsotsar rake.

Haladu ya cire faifan ya goge da gefen riga ya mayar. Ya zare wayar ya hure haƙoranta. Ya ce wutar janareta ce ba ta kai ba, aka kashe fanka da firjin ruwan sanyi, shagon ya zama tanda. Ƙarrr, ƙaf-ƙaf-ƙaf. Ya ɗauko wani littafin Turanci mai kauri ya yi ta buɗawa yana lasar yatsa. Ya buga waya Kano wurin ɗansa Musaddiƙ, ɗan ya ce a sauke wani abu daga intanet, aka yi rabin sa'a ana jiran abin bai sauko ba. Babbar rigar Haladu ta jiƙe ta manne a bayansa, ya tuɓe ta ya rataye a ƙusa, ya rage daga shi sai 'yar shara. Daudu bai taɓa ganin hedimasta haka a gaban jama'a ba.

Aka yi azahar aka dawo. Aka kawo fura, baƙon ya sha, ya duba agogo. 'Yan kallo suka ragu, waɗanda suka rage suka soma ba da shawara. Wani ya ce a shanya ta a rana, sanyin sito ne ya kama ta. Wani ya ce a ɗiga mata man keken ɗinki.

"Ni dai a ba ni ita in buɗe cikinta," in ji Maikasuwa, yana kaɗa sukundireba. "Bel ne ya tsinke, ko ɓera ya yi ɗaki. Minti goma."

Daudu ya ɗaga haɓa daga kan sanda. Ya san hannun Maikasuwa. Rediyo nawa suka shiga shagonsa da magana suka fito bebaye? In ya ɓalle gilashin nan ya fizgi fitilar da ƙarfi tana kulle, shi ke nan, ta mutu har abada.

"Kada a buɗe," ya ce. Maganarsa ta farko ke nan tun hantsi.

Duk suka juyo. Haladu ya dube shi ta saman tabarau, fuskarsa duk gumi. Daudu ya jira. Yanzu ne. Ka tambaye ni dalili, ɗan Baffa, ka tambaye ni.

"Hamma ya yi gaskiya," in ji Haladu, ya juya ga allonsa. "Ba matsalar ƙarfe ba ce. Lissafin ciki ne bai daidaita ba."

Daga bayan kabad muryar Adda ta fito, siririya. "Haladu, ya fito?"

"Saura kaɗan, Adda."

"Tun ɗazu kake cewa saura kaɗan. Ni ba gani zan yi ba, amma in kun gan shi ku faɗa mini yadda yake. Ku faɗa mini ko yana dariya."

Wannan magana ta sami Daudu a wani wuri da bai shirya ba. Ya dubi marfin sikanar. Baffa na kwance a ƙarƙashinsa, fuska a kife kan gilashi, tun hantsi. Tsakaninsa da ganin fuskar nan turi ɗaya ne na babban yatsa. Amma yanzu rana ta yi nisa. In ya tashi ya buɗe, tambayar farko da za a yi masa ita ce, tun yaushe ka sani? Me zai ce wa Adda? Me zai ce wa baƙon da ya bar tumakinsa a hannun dillali ya zauna cikin zafi saboda su? Da safe abin alfahari ne. Yanzu ya zama abin kunya, kuma da hannunsa ya mayar da shi haka.

Ladan ya kira la'asar.

Muhammadu Lawal ya miƙe, ya ɗaga marfin, ya ɗauki hotonsa. Leda ta farko, ta biyu, ta uku. Ya zura a aljihun ƙirji ya danne da tafin hannu.

"Allah bai nufa ba, Malam. Kun yi ƙoƙari."

"Alhaji, don girman Allah," in ji Haladu, "in mun idar ka ba ni gwaji ɗaya. Ɗaya tak. In ta ƙi, ni zan raka ka tasha."

Baƙon ya ce to, ɗaya.

Suka fita zuwa masallacin da ke tsallaken titi. Daudu ya tsaya a bakin shago yana jujjuya buta. "Ku yi gaba, zan sabunta alwala." Ya jira har bayan rigar Maikasuwa ya shige ƙofar masallaci, sannan ya aje butar ya koma ciki kamar ɓarawo.

Ya jingine sanda. Ya sa hannu biyu ya ɗaga gaban sikanar, yana lura da wayar baya kada ta fizge. Nauyinta bai canja ba. Yatsansa ya tafi wurin da kansa, ba sai ya duba ba. Makullin ya ɗan cije saboda daɗewa, ya ƙara ƙarfi.

Ƙas.

Ya sauke ta daidai kan sawun ƙurarta, ya sa hannun riga ya goge gilashin, sau biyu a tsaye sau ɗaya a kwance, yadda ya saba. Ya fita da sauri, ya sami sallah an riga an yi raka'a ɗaya.

Da aka dawo, shagon ya sake cika, don kowa na son ganin ƙarshen abin. Baƙon ya kwance ledojinsa ba da son ransa ba. Haladu ya mayar da babbar rigarsa, ya zauna, ya ɗaga hannu ya yi addu'a a ɓoye, ya shafa, ya ce bismillahi, ya danna.

Fitilar ta kama. Ta yi ɗan gunaguni. Sai ta taso a hankali, tana tafiya ƙarƙashin marfin, haskenta na zubowa ta gefe, har ta kai ƙarshe ta komo.

Shagon ya kaure. "Ta tashi! Wallahi ta tashi!" Maikasuwa ya kama hannun Haladu da hannu biyu yana girgizawa. "Na faɗa muku! Ilimi da addu'a, wa zai ja da su? Hedimasta, me ka taɓa?"

"Na dai sake daidaita lissafin kafin mu fita," in ji Haladu, yana goge ido. Kuma ya yarda da abin da ya faɗa, wannan ne ya fi ƙona Daudu.

"Lauwali ya haifu," in ji baƙon. "Gidan da ke da irin wannan ɗa bai mutu ba."

Daudu na tsaye a bayan mutane, sanda a hannu, yana jin kowace kalma na sauka a kansa. Ga ranar da ya yi shekara hamsin yana jira, ya dafa ta da hannunsa, ya zuba wa Haladu a kwano.

Hoton ya sauko a allon daga sama, layi bayan layi: malafu, kafaɗu, ƙahonin bijimi. Haladu ya kumbura shi har maza biyar suka cika allon. Baƙon ya nuna na biyu daga dama ya ce ga nasa uban. Saura huɗu. Haladu ya kai kibiyar kan wani dogo a tsakiya, fari, mai dogon hanci, ya dafa bijimin kamar nasa.

"Ga Baffa," ya ce. "Ku dubi tsayuwar. Wannan za mu yanke mu kai Kano a yi mana babba."

"Kamarku ɗaya, Hedimasta," in ji Maikasuwa. "Har hancin."

"Daudu na nan?" in ji Adda. Ta taso ta dafa kabad, tana kallon inda ba kowa. "Haladu, shekararka tara ya rasu, biyu a ciki kana makaranta. Ku ba Daudu hanya."

Mutane suka dare. Daudu ya matso har numfashinsa na taɓa allon. Ya dubi dogon, bai san shi ba. Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, inuwar malafa ta cinye rabin kowacce.

"Sauko da shi," ya ce. "Hannuwa nake son gani."

Haladu ya sauko da hoton ba musu. A can ƙarshen hagu akwai wani gajere, baƙi, rigarsa ta yage a kafaɗa, yana riƙe da igiyar bijimin. Ƙaramin yatsansa na hagu ya karkace waje kamar ƙugiya. Saniya ce ta taka shi a bakin rijiya, Daudu na riƙe da guga ranar.

"Hau sama. Nan. Ƙara girmansa."

Fuskar ta cika allon, dishi-dishi. Bai kalli mai ɗaukar hoto ba sam, bijimin yake kallo, bakinsa a ɗan buɗe, yana yi masa magana. Daudu ya dafa teburin. Fuskar da ta yi shekaru tana gudunsa ta dawo ta zauna daram.

"Wannan ne Baffa."

Haladu ya daɗe yana kallon gajeren mai yagaggiyar riga. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Hamma," ya ce a hankali, "wallahi da a hanya na gamu da shi, wucewa zan yi."

Gaskiya ɗaya ce, kuma sai an faɗe ta ko ba daɗi: abin da ya fara zuwa zuciyar Daudu ba tausayi ba ne. Daɗi ne, mai zafi, har kunnuwansa. Tausayin daga baya ya iso, kuma bai kori daɗin duka ba.

"Yana dariya?" in ji Adda.

"Yana yi wa bijimi magana, Adda."

"To, shi ne," ta ce, ta koma ta zauna.

Baƙon ya karɓi hotonsa, aka raka shi tasha da godiya da ƙullin goro. Haladu ya buga kwafi uku a takarda mai sheƙi, kuma kamar yadda yake yi wa duk aikin da ya fita daga shagon, sunansa da lambar wayarsa suka fito a ƙasan kowanne.

Daudu ne ya riƙe hannun Adda zuwa inda masu babur ke tsayawa. Sun yi nisa da shagon kafin ta yi magana, ba ta ko juyo ba.

"Na ji ƙas ɗin."

Daudu ya ci gaba da tafiya, riƙe da hannunta.

"Ina zaune ina tahiya, na ji takunka, na ji sandarka ta taɓa bango. Ido ne ya tafi, Daudu, kunne na nan. Tun yaushe ka sani?"

"Tun hantsi."

"Tun hantsi." Ta tsaya cak a tsakiyar hanya, masu kora awaki na kewaye su. "Da mutumin nan ya ce ba zai jira ba fa? Da ya wuce tasha daga masallaci?"

Daudu ya janye ta gefe don awaki su wuce.

"Ba zan faɗa wa Haladu ba," in ji Adda. "Kada ka ɗauka rufa maka asiri na yi. Kai ma ba za ka iya faɗa ba, ka sani. Za ka zauna a garin nan kana ji ana cewa shi ya tada injin, a gidan suna, a gidan biki, har ranar da za a ɗauke ka. Kira mini mai babur."

Haka kuwa aka yi. Kafin magariba labarin ya riga Daudu isa unguwarsu, har maƙwabcinsa na tare shi a ƙofar gida yana cewa ashe ƙaninka gwani ne haka. Daudu ya ce ƙwarai, ya shige.

Ya zauna a bakin ɗakinsa da sauran hasken yamma, ya ɗora hoton a gwiwa, ya daɗe yana kallon karkataccen yatsan nan. Sannan ya laluba aljihu ya ɗauko reza, ya bi ƙasan takardar a hankali, ya yanke layin da ke ɗauke da sunan Haladu. Ya riƙe siririyar takardar zai jefa a murhu, sai ya fasa. Ya ninke ta biyu ya tura ƙarƙashin tabarma, ya jingine Baffa a jikin bango inda zai riƙa ganinsa daga shimfiɗa.